Baƙaƙen da Ba a Faɗa a Gidanmu

Fatakwal, farkon watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Huseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Jibril da yara. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya mutanen Sabon Gari? Ni dai ina nan, ruwa na dukana safe da yamma kamar da gayya. Garin nan ko wanki ka yi sai ya yi wari kafin ya bushe.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kin san wayar gidanmu. Ana ɗagawa za a buɗe murya a ɗora ta a kan turmi, kowa ya zo ya sa baki, har awaki. Duk abin da na tambaya amsa ɗaya ce, lafiya lau. Ke kuma in na kira ki ba na jin komai sai ƙarar keken ɗinkinki. Nu'uman direba, mai kawo mana shanu daga karar Wudil bayan kasuwar Juma'a, ya yarda ya riƙa kaiwa da kawowa.

Maganar yarinyar nan ce, 'yar wajena. Yaya Babba ya kira ni ya ce Gwaggo Ikilima ta sake aikowa daga Achika tana son a ba ta riƙo, idonta ya yi rauni. Bara na ce yarinya tana makaranta. Bana ya ce wace makarantar? Wai malamarsu ta ce da wuya in ba ta maimaita aji biyu ba. Ya yanke magana: in har aka ce ta maimaita, ana yin dogon hutu za a kai ta. Kin san inda Gwaggo take, kin san nisan makaranta daga can. Wanda ya tafi, karatu ya ƙare. Kuma ba ni da bakin musa wa Yaya, shi ke riƙe da gidan tun da na taho. Gwaggo ma ba zalunci ta nema ba, mai miƙo mata buta take so.

Abin da ke ci mini rai, shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yan mutane karatu a Dagumawa ba kaɗan ba ne. Yau ina zaune a rumfa ina rubuta wa dillalai takardar shanu, tawa kuma an ce ta kasa. Wai abin da ya tsaya mata baƙaƙe masu goyo ne, wato baƙi biyu da ke haɗuwa su ba da sauti ɗaya, irin su sh da ts da kw. To ai saboda su ne da na zo ƙaramar Sallah na yanka kwali na yi mata katuna, kowanne na haɗa shi da abin da ta sani a gida. Na damƙa wa mai ɗakina Hansai, na ce kullum bayan la'asar su zauna. Hansai ta yi sakandare, ba ta da uzuri. In na tambaye ta a waya sai ta ce ana yi. Me ake yi?

Babbar Sallah ba zan samu zuwa ba, lokacin ne kara ke cika. Don Allah ki ajiye ɗinkin nan ki je makarantar, ki gano da idonki.

Ki gaida kowa. Na gode.

Yayanki,
Shitu


Sabon Gari, Wudil

Yaya Malam,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin shanu, amma an karanta. Duk muna lafiya. Inna na gaishe ka, ta ce ka daina cin abincin da ba ka ga mai dafawa ba.

Na je makarantar su Kausar, na bar ɗinkin bikin mutane a kan keke, ka rubuta wannan a cikin alherina. Malamarsu Barakatu ce sunanta, kuma ba muguwa ba ce, yara ne suka yi mata yawa, wasu har a kan taga suke zama. Ta kira Kausar gaban allo don in gani. Ta rubuta kwano, Kausar ta karanta. Ta rubuta ƙwai, ta rubuta gyaɗa, ta rubuta ƙyalle, 'yarka ta zuba su kamar ruwa. Na ce a raina to ina matsalar?

Sai Malama ta rubuta shanu. Yaya, yarinyar nan ta sunkuyar da kai, ta ja bakin hijabi ta rufe baki. Aka rubuta tsintsiya, shiru. Gwanda, shiru. Kyanwa, shiru. Malama ta ce ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta sa bulala a tafin hannu, yarinyar ko hawaye ba ta yi, sai dai ta miƙa ɗaya hannun. Abin da ya ɗaure mini kai, da aka ce nuna mana inda aka rubuta shanu, nan take ta ɗora yatsa a kai. Malama ta ce ita ba za ta iya ba yatsa maki ba, jarrabawar ƙarshen zango karatu ne a fili.

A gida kowa da tasa fassarar. Malama ta ce taurin kai ne. Yaya Babba ya ce kan ne bai ɗauka ba, kuma ba kowa aka halitta don boko ba. Inna ta ce baki ne ya kama ta, har ta sa an yi mata rubutu ta sha. Na tsare matarka na ce, Anti Hansai, katunan Malam fa? Ta ce tana yin iya yinta. Ta tashi ta shige kicin ta hau tankaɗen garin da na ga an riga an tankaɗe.

Iyakar abin da na gano ke nan. Malam Jibril na gaisuwa.

Ƙanwarka,
Huseina


Fatakwal, watan Yuni

Huseina,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a tsaye.

Ku taru ku gaya mini, wane irin kai ne zai ɗauki ƙy ya kasa ɗaukar sh? Ƙy fa! A Dagumawa sai mu ci rabin zango muna fama da shi. Sh kuwa ko jariri ka ce wa ya yi shiru ya ji shi. Yarinyar da ta nuna shanu da yatsa ta san shanu. Wannan ko Yaya ya sani in ya ga dama. Amma an bar jaki ana dukan taiki.

Rubutun Inna ban ce komai ba, Allah ya sa albarka. Bulalar Malama kuwa ki gaya mata, da ladabi, ta ajiye. Ba na zarginta. Na tsaya a gaban irin ajin nan, na san yadda mutum ke fita da muryarsa a shaƙe. Amma bulala ba ta taɓa buɗe bakin da ya rufe ba.

Zargina yana kan gida. Ba a yin aikin, shi ke nan. Ni na san abin da na bari. Ƙa'ida ce ta koyarwa, daga abin da yaro ya sani ake kai shi wanda bai sani ba. Me yaro ya sani fiye da mutanen gidansu? Shi ya sa na zauna na yi tunani. Katin sh na sa sunana, Shitu. Na ts na sa na marigayi Baffa mahaifinmu, Tsalha. Na gw na sa na Inna, Gwamma. Na ky na sa na Yaya, Kyauta. Sauran da ban samu mai sunan ba na cike da kayan gida, su kwano da ƙwai. Abin da ya rage wa Hansai kawai ta ɗaga kati, ta faɗa da ƙarfi, yarinya ta maimaita. Ko aku aka yi wa haka da yanzu ya shiga aji uku.

Na kira ta ranar Lahadi na yi faɗa, ban ɓoye miki ba. Abin da ta ce kawai, "To, Malam." Wannan to ɗin ta fi zagi ciwo. Mutum na nan yana kwana a ɗakin da ke yoyo, yana cin garin rogo kamar an yi masa wahayi, duk don su, amma zaman bayan la'asar ya gagara.

Ki sake komawa. Kada ki tambaye ta, ba za ta faɗa ba. Ki je bayan la'asar ba sanarwa, ki zauna kamar kin zo gaida Inna, ki ga ko ana ɗauko katunan ma.

Ki yi haƙuri da ni. Ba ni da wanda zan aika sai ke.

Shitu


Sabon Gari, Wudil

Yaya Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kada ka karanta wannan a tsaye.

Na je kamar yadda ka ce. Ko sallama ban gama ba na hango su a ƙofar ɗaki a kan tabarma, katunanka a jere, har an naɗe su da leda don kada su jiƙe. Inna tana gefe tana gyaran zogale, Yaya Babba yana zaure, ana jin tarinsa. Ana yin aikin, Yaya. Inna ta ce ko ranar da Hansai ke zazzaɓi ba su fasa ba.

Hansai ta ɗaga na kwano ta faɗa, Kausar ta maimaita. Na gyaɗa haka. Sai ga katin da ka rubuta sunanka. Matarka ta kalle shi, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, ta kife shi a gefe. Na juya na kalli Kausar. Wallahi ita ma ta sunkuyar da kai ta ja hijabi, daidai wa daida, kamar madubi. Haka aka yi da na Baffa, da na Inna, da na Yaya.

Malam mai ƙa'idar koyarwa! Ka ba mace kati ka ce ta ɗaga murya a tsakar gida ta kama sunan mijinta, da na surukinta da ke kabari, da na uwar mijinta da ke zaune a gabanta, da na wan mijinta da ke tari a zaure? Ni da nake 'yar gidan ban iya rubuta na Inna a takardar nan ba. Tun da aka kawo Hansai ka taɓa jin ta ce maka wani abu ban da Malam?

Na ja Kausar waje na saya mata awara, na ce, ke, me ya sa ba kya karanta shanu? Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Anti, ai farkonsa na Abba ne. Umma ta ce na manya ne, ba a faɗa." Na ce to bulalar Malama fa? Ta ce, "Ai ba ta da zafi sosai."

Na koma wa Hansai na ce me ya hana ki gaya masa? Ta ce, "In ce masa me, Huseina? In ce ya yi kuskure a aikinsa, murya a buɗe, Yaya na ji?" Na ce me ya hana ki yi wasu katunan? Ta ce ka ce kada a canza ko ɗigo. Ba ta san abin ya bi yarinyar har aji ba sai da Malama ta aiko, daga nan kuma ta rasa ta inda za ta warware.

To ga shi, gani ya kori ji. Sai ka faɗi yadda za a yi, hutu na matsowa.

Huseina


Fatakwal

Huseina,

Bayan gaisuwa. Na zauna kamar yadda kika ce, kuma na daɗe a zaune har wani dillali ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ki gaya wa Hansai faɗan ranar Lahadi ba nata ba ne, na janye shi. Katunan nawa ne, ni na zaɓi sunayen, har ina jin daɗin dabarata. Na manta a Dagumawa ni ke ɗaga katin, ba matar kowa ba. Ga sababbi nan a hannun Nu'uman: shanu, tsuntsu, gwanda, kyanwa. Ba wanda ya auri ko ɗaya a cikinsu.

Amma bari in faɗi nawa, tunda ni ma ina da ciki. Kunyar gidanmu ta isa! Wata da watanni yarinya na shan bulala, za a ɗauke ta daga gaban uwarta, duk don mace ba za ta iya buɗe baki ta ce wa mijinta ga matsala ba. Ni dodo ne? Suna ai don a kira shi aka raɗa shi. An tara jama'a, an yanka rago, maroƙi ya yi shela har bayan gari, sannan a dawo a ɓoye shi kamar kayan sata. A nan garin yaro zai tsaya a gabanka ya faɗi sunan ubansa har da na kakansa, kuma sama ba ta faɗo ba. Ban ce tasu ta fi tamu ba, akwai abin da na gani a nan da ba na fatan ya je Wudil. Amma abin da zai hana yaro karatu ba tarbiyya ba ce.

Ki karɓi aikin da kanki in ya yiwu. Lokaci ya ƙure.

Shitu


Sabon Gari, Wudil, watan Yuli

Yaya Malam,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Saƙonka ya isa ga Hansai. Ranar ta yi mana dambu.

Sababbin katunan ba su yi aiki ba. Na ɗaga shanu, Kausar ta rufe baki. Na ce ke, wannan saniya ce ba Abba ba. Ta ce ai farkon ɗaya ne. Hansai da kanta ta ce mata ta faɗa, ta ƙi, gani take gwada ta ake yi. Ƙarshe na kwashe labari na gaya wa Inna.

Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe rubutun banza aka sha. Ta kira Kausar ta zaunar da ita a cinya, ta ce, "Ke kishiyata, sunan nawa ne ko naki?" Ta ce naki ne. Ta ce, "To na ba ki aron farkonsa, ki je ki kira gwanda da shi." Nan take yarinya ta ce gwanda. Na ce Inna, saura na Baffa. Ta tsuke fuska ta ce, "Ina gidansa ban kama ba, sai yanzu da yake kwance? Ku nemi wani."

Dole aka je zaure. Yaya Babba ya ji bayani ya ce, "A kaina ta sha bulala?" Ya ba ta aron nasa. Na Baffa ma shi ya faɗa, ya bi shi da Allah ya jiƙansa. Washegari a aji 'yarka ta miƙe ta karanta, "Tsuntsu, Allah ya jiƙansa." Sai da Malama Barakatu ta fita waje ta gama dariya. An gyara wannan.

Kada ka yi saurin murna. Yaya ya saya mata tsire, amma ya ce magana ɗaya yake yi, in ta ci ta zauna, in ta faɗi ta tafi. Har ya ƙara da cewa yarinya mai irin wannan kunya ita ta dace da Gwaggo. Kuma naka ya rage. Kausar ta ce mai abu ne ke ba da aro. Na ce zo in kira miki shi a waya, ta gudu bayan Inna. Malama kuwa ta ce shafin jarrabawa cike yake da shi da shiga da shekara, ba yadda za a tsallake.

Yanzu saura ni da kai. Ka ce suna don a kira shi aka raɗa, har an yanka rago. Na Kausar ma an yanka, ni na ci ƙafa. Tun ranar ka taɓa kama shi? Yarinyar nan, yarinyar nan, kamar 'yar maƙwabta. Na sani, 'yar fari ce, haka muka taso, Baffa ma bai taɓa kiran Yaya Babba da suna ba. Ban ce ka yi laifi ba. Amma kafin ka hango tudun Hansai, ka dubi wanda kake tsaye a kai.

Nu'uman zai juyo da wuri. Ka san abin yi.

Huseina


Fatakwal

Zuwa ga Kausar,

Assalamu alaikum. Ni ne Abbanki. Ina gaishe ki.

Na ji kin iya karatu. Na ji kin yi haƙuri. Ummanki ta koya miki ladabi, kuma ta yi daidai.

Sunana Shitu. Na ba ki farkonsa, ba aro ba, kyauta. Dama ba nawa ba ne ni kaɗai. Na shanu ne, na shinkafa ne, na shayin da Inna ke sha. Ki faɗe shi da ƙarfi a aji, har na kan taga su ji. Sunan gaba ɗaya kuwa, in kin ji nauyi ki bar shi. Abba ya ishe ni.

Allah ya yi miki albarka, Kausar.

Abbanki

Huseina, kada kowa ya karanta mata, ta karanta da kanta. Kuma ban nemi sharhinki ba.


Wudil, ranar da aka ba da hutu

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ruwa. Inna da Yaya suna gaisuwa. Saƙonka na wancan karon ya iso, ba komai, Allah ya bar zumunci.

Yarinyar ta karanta takardar da kanta, a tsakar gida, kowa na ji. Ta yi jarrabawa. Malama ta ce ta wuce zuwa aji uku. Yaya ya aika Achika cewa a yi haƙuri, zai nemo wa Gwaggo wata babba a dangi, mu kuma za mu je mu yi mata sati cikin hutun nan.

Abu ɗaya zan gaya maka, tunda ka ce a riƙa gaya maka. Da ta buɗe takardar, a layin farko ta tsaya. Na zaci wani baƙin ne ya sake tsaya mata. Sai ta ɗago ta ce, "Umma, ashe Abba ya san sunana?"

Takardar tana cikin jakarta, ba ta yarda a taɓa.

Nu'uman ya ce Malamai sun yi yawa a kararku, lallai a sa suna a bayan ambulan. Wanda ka gani a kai ba hannuna ba ne, na 'yarka ne.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Hansai